Injin Burodi Biyu da Tanderun Saliha

Litinin, 6 ga Maris 2006, bayan La'asar

Stephen ya kawo su ɗazu a bayan babur, ɗaure da igiyar roba kamar awakin da za a kai kasuwa. Injin yin burodi ne guda biyu. Stephen ƙanin maƙwabciyarmu Roda ne, yana sayar da kayan wuta na gwanjo a Sabon Garin Kano. Autarmu Baraka, da ke aure a Zariya, ita ta same shi ta ce a kawo wa Innarta, matata Saliha, ɗaya. Shi kuma ya ce ba zai zaɓa wa tsohon malamin makaranta ba, kada a ba shi sifiri. In gwada duka biyun, ƙarshen wata ya zo ya ɗauki wanda na raina.

Ɗaya babba ne, fari sol, ba shi da taga. In ka rufe murfinsa sai ya kulle kansa, ba ka sanin abin da ake ƙullawa a ciki sai an gama. Na sa masa suna Ciyaman. Ɗayan ƙarami ne, ruwan toka, ya lotse a gefe, da 'yar tagar gilashi a murfi. Wannan Tsohuwa ce.

Stephen ya ce, "Baba, gari kawai za ka zuba, ka zuba ruwa da yis, ka danna nan, ka tafi masallaci."

Na ce, "Murzawar fa?"

"Shi zai murza."

"Jiran kwaɓin ya tashi fa?"

"Shi zai jira."

"To ni me ya rage mini?"

"Ci, Baba."

Saliha ba ta fito ba. Ta amsa gaisuwarsa daga ɗaki.

Talata, 7 ga Maris, da hantsi

Littafin bayanin Ciyaman ya zo da harsuna uku, ba Turanci a ciki. Na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane labarin ƙasa, na san inda ƙasashen nan suke a taswira, amma yau hotuna na bi kamar ɗan aji ɗaya.

Na sayo fulawa a kanti na zuba. Na danna. Sai na ji wani abu ya motsa a ciki, a hankali, kamar mai barci ya juya. Daga nan ya kama aiki. Ya yi shiru na tsawon lokaci har na zaci ya mutu, ashe jira yake yi. Ƙarfe ya iya jira! Can sai ƙamshi, wallahi. Ba hayaƙi, ba kara, ba toka, ba hannun kowa, amma ga burodi mai kusurwa huɗu yana tururi a tsakar gidana a Kura. Na zagaya shi kafin in taɓa.

Na yanka na kai mata. Ta dube shi. Maganarta tana fita a hankali yanzu, kowace kalma sai ta nemo ta.

"Na kanti ne?"

"Na gida ne."

"Gidan wa?"

Ba ta ci ba. Hannun daman da ya shanye yana ƙarƙashin mayafi, inda yake tun da muka dawo daga asibiti a Kano bayan Sallar Layya.

Alhamis, 9 ga Maris, bayan Azahar

Ƙwallon robar da likita ya ce ta riƙa matsawa yana ƙarƙashin gado, inda ya gangara. Ban ɗauko ba, ba ta tambaya ba.

Lahadi, 12 ga Maris, da yamma

An yanke alkama. Na je gona tun da safe, na tsaya a bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, ina kallo. Kowace shekara sai abin nan ya kama ni kamar ban taɓa gani ba: tsakiyar rani, ƙasa ta bushe ko'ina har ta tsage, amma ga ruwa ya taho daga madatsar Tiga yana tafiyarsa cikin natsuwa, ga gona ja wur kamar an shimfiɗa zinariya. Kakana bai ga wannan ba. Da an faɗa masa da ya ce a kai mai faɗar wajen masu magani.

Hamma makiyayi ya zo da shanunsa yana jiran a kwashe ya sa su a kara. Ya ce, "Malam Datti, yaushe za mu ji ta? Uwargidana Inna Wuro ta ajiye man shanu tun makon jiya."

Gurasa yake nufi. A gidan nan ba a cin sabuwar alkama sai Saliha ta yi gurasar fari a tanderu an rarraba: Liman, su Roda, rugar Hamma, masu gadin ruwa, duk wanda ƙafarsa ta taka gonar. Sai an gama da kowa sannan mu ci abin da ya rage. Haka ta gada wajen Iya, mahaifiyarta, haka muka yi tun shekarar da aka ba ni filin nan. Ni aikina ɗaukar faranti.

Na ce wa Hamma ana nan ana shiri.

Da na dawo na faɗa mata buhunan sun iso. Ta ce, "A sayar."

"Za a sayar, sai dai a ware na gurasa."

"Duka."

Na yi kamar ban ji ba. Ta san na ji.

Laraba, 15 ga Maris, da hantsi

Yau ranar Tsohuwa ce. Na ja kujera na zauna a kan tagarta kamar mai kallon majigi. A ƙasan tukunyarta akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai babban yatsa ba, shi ke juyawa. Da fari gari daban, ruwa daban, kowa yana harkarsa. Sai ɗan ƙarfen nan ya yi ta kai gwauro yana kai mari har suka haɗu suka zama dunƙule ɗaya, yana buga shi da bango, tim, tim, tim. Bayan nan shiru. Na zuba ido, ban ga lokacin da ya motsa ba, amma kwaɓin da na bari a gindin tukunya sai ga shi ya taso yana leƙo ni ta gilashi. Subhanallahi. Shekara talatin ana wannan a gidana ƙarƙashin zane, ban taɓa ɗaga zanen ba.

Wajen gashi ne Tsohuwa ta ba da ni. Sama fari fat, ciki ɗanye.

Roda ta shigo ta tarar da ni ina tona shi da cokali. Ta ce, "Malam, wannan burodi ne ko yumɓun gini? In kana da saura ka ba ni, katangarmu ta tsage."

Na ce mata bincike ake yi, ba a yi wa bincike dariya.

Na kira Stephen. Ya ce wayar da ke ba ta zafi ce ta gaji, abu kaɗan ne, zai iya canzawa. Amma shi dai shawararsa in riƙe farin. "Wancan ba ya neman taimakon kowa, Baba."

Juma'a, 17 ga Maris, bayan an sauko

Akwai ragowar alkamar bara a ɗaki. Na kai injin niƙa, na tsaya a kan mai niƙan har ya wanke bakin injin, don ranar nan tuwon Roda ya fito da yajin wani gida. Na tankaɗe da kaina, na haɗa da fulawa kaɗan, na ba Ciyaman.

Ban taɓa ganin burodi irin wannan ba. Ja, mai taushi, ka danna ya dawo. Alkamar gonata, wadda na san ranar da aka shuka ta. Na ɗauka da zafinsa, har ina tuntuɓe, na kai mata kamar yaron da ya zo na ɗaya.

Ta gutsura da hagu. Ta tauna. Ta daɗe tana taunawa.

Ta ce, "Ya yi kyau." Ta sake nemo kalma. "Alhamdu lillahi. Kun huta da ni."

Ta juya ta fuskanci bango.

Asabar, 18 ga Maris, da safe

Kaji sun ci burodi mai kyau yau.

Litinin, 20 ga Maris, bayan La'asar

Saliha ta kira Roda ɗazu ta ce ta sa a ciro tanderun a kai gidanta, ko tattasai ta shuka a ciki. Ina zaure ina ji. Roda ta ce, "Maman Baraka, ni da na zo daga Filato me na sani da tanderu? Zuba masa ruwa zan yi in saka kifi. Bar shi inda yake."

Da za ta fita ta yafuto ni. Ta kai ni bayan ɗakin girkinta ta buɗe wani kwano. Wari mai tsami ya bugi hancina, warin da na sani. Ragowar kwaɓi ce, irin wadda Saliha ke cirewa kullum ta ajiye ta zama uwar kwaɓin gobe. Tun daga hannun Iya abin nan yake tafe, bai taɓa yankewa ba. Ni na ɗauka ya mutu a makonnin da muka yi a asibiti.

Roda ta ce, "Ranar da aka fita da ita na gan shi a buɗe, na ɗauke. Kullum ina ba shi gari da ruwa kamar jinjiri. Maigidana Hananiya har ya fara cewa na fi kula da shi a kansa."

Yana numfashi. Na ga ƙananan kumfa suna fashewa a kansa. Sai na tambaye ta ko tumatirinsu ya yi kasuwa.

Baraka ta kira da yamma. "Baba, ka ɗauki farin kawai. Inna ta wahala a duniya, a bar ta ta huta." Na ce to. Yarinyar kirki ce. Hutun ne dai nake gani kullum in na ɗaga labule, kuma ba ya kama da abin da take nufi.

Laraba, 22 ga Maris, da hantsi

Ana ƙidayar jama'a, an ce kowa ya zauna a gida. An zauna.

Na mayar da Ciyaman cikin kwalinsa don ƙura. Tsohuwa kuma na matsar da ita ƙarƙashin tagar ɗakin Saliha, saboda soket ɗin wajen ya fi kama wuta. Duk wanda ya ce akwai wani dalili sai ya kawo shaida.

Na zuba garin bara. Ruwan ya ɗan kasa. Tsohuwa ta kama fama, ba tim tim ba yau, wani ƙara-ƙaras, ƙara-ƙaras, kamar akuya na cin kwali. Na zauna da littafina ina karatu.

Daga ɗaki, an dai rufe tagar.

Alhamis, 23 ga Maris, da hantsi

Ruwan ya sake kasawa. Tsufa ne, ido ba ya ganin awo.

Ƙara-ƙaras, ƙara-ƙaras.

Can na ji daga bayan taga: "Ruwa."

Na ce, "Na'am? In kawo miki ruwa?"

"Ba ni ba. Shi."

Na ɗauko buta na tuttula masa har ya zama kunu. Na ji tsaki. Rabona da jin tsakin nan tun kafin Sallah. Ban san akwai ranar da tsaki zai yi mini daɗi kamar kiran sunana ba.

Asabar, 25 ga Maris, bayan Azahar

Ta fito.

Ta dafa bango ta zo har inda nake, tana jan ƙafar kaɗan. Ta tsaya a kan Tsohuwa ta leƙa tagar. Na ga fuskarta lokacin da dunƙulen ya zagayo ya bugi bango. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wa ke ciki?"

Na ce, "Wani ɗan ƙarfe ne, bai kai yatsa ba."

"Ba ya gajiya?"

"Sai in an ɗauke wuta."

Ta ce in buɗe. Ita Tsohuwa ana buɗe ta tana cikin aiki, ba ta da sirri. Saliha ta tsoma yatsun hagu a kofi ta yarfa ruwa, ta jira, ta sake yarfawa. Ƙarar ta sauya a kunnena, ta koma tim, tim.

Ba ta dube ni ba ta ce, "Malam, da gangan kake yi."

Na ce ban gane ba.

"Mutumin da ke auna ruwan gona da sanda."

Na ce gona daban, burodi daban. Ta ce Allah ya shirye ni. Na ce amin.

Litinin, 27 ga Maris, da yamma

Ta fito da hannun daman daga mayafi yau. Kwaɓin ya gama tashi, ta kai hannu biyu za ta ɗauka. Ya zame ya faɗi a ƙasa.

Ba zan rubuta sauran ba. Ta koma ɗaki, ba ta ci abincin rana ba.

Isiyaku dillali ya aiko, Juma'a zai zo da mota ya kwashi alkama. Ta ji saƙon. Ta ce, "Duka."

Talata, 28 ga Maris, bayan Azahar

Na buɗe buhu ɗaya na bana na ɗebi kwano biyu na kai niƙa. Ban yi shawara da kowa ba. Rediyo na ta sanarwa gobe za a yi husufin rana, kada a kalle ta da ido.

Laraba, 29 ga Maris, bayan La'asar

Bari in bi shi daki-daki.

Da safe na karɓo kwanon nan wajen Roda. Na zuba sabon gari a Tsohuwa, na zuba uwar kwaɓin, na sa ruwa daidai, don yau ba ranar wasa ba ce. Na roƙi Allah kada a ɗauke wuta, kuma ba a ɗauke ba. Da ta gama murzawa na tsaya a ƙofar ɗaki na ce:

"Alkamar bana ce a ciki. Da uwar kwaɓin Iya, Roda ce ta raya ta. Ni zan tafi sallar husufi. Injin nan kin san ba ta iya gashi ba. In ya tashi ba a gasa ba, sai dai a zubar."

Na sa takalmina.

Na fita. Na san abin da na yi. In ta bar shi ya lalace, to na kashe abin da Roda ta raya, na kuma tabbatar wa Saliha abin da take faɗa wa bango.

Muna masallaci haske ya fara canzawa. Ba irin duhun magariba ba ne, ba na hadari ba. Kamar an tace rana an cire mata jini. Iska ta yi sanyi, tsuntsaye suka ruɗe suna komawa bishiya, wani jaki ya kama kuka a bayan gari. Na sha zana wannan a allo da alli, da'ira uku a jere, ina cewa yara abu ne mai sauƙi. Yau da na tsaya a ƙarƙashinsa na san ba mai sauƙi ba ne. Liman ya ja doguwar sura, dattawa suna sheshsheka. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, rabin zuciyata tana cikin wata tukunya mai lotsattsen gefe.

Da aka sallame ban tsaya gaisawa ba. Tun daga kan kwana na hango hayaƙi yana tashi daga gidana. Hayaƙin kara.

Na shiga. Hasken bai gama dawowa ba. Ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, inda rana ke ratsa ganye, ƙasa ta cika da ƙananan jinjirin wata, ɗaruruwa, har a kan zanen Saliha. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno gaban tanderu. Roda na tura kara tana fifita wuta tana hawaye, ta ce hayaƙi ne.

Saliha ta gutsuro kwaɓi da hagu. Ta ɗora shi a cinya kan faranti. Sai ta kamo hannun daman da na hagu, kamar mai ɗaukar jariri, ta aza shi a kan kwaɓin, ta danna da nauyin kafaɗarta. Yatsun ba su miƙe ba, a lanƙwashe suka shiga. Ta juya, ta sake dannawa. Sannan ta ɗauka da hagu ta sunkuya ta manna a cikin tanderu. Ta farko ta faɗa wuta. Ta biyu ta kama.

Na tsaya riƙe da takalmina a hannu, ban san lokacin da na cire su ba.

Ta ɗago ta gan ni. Ta ce, "Ka tsaya kallo? Faranti."

Kowace gurasa ta fito da shaidar gaɓoɓin yatsu huɗu a tsakiya. Ba su yi da'ira ba, wasu kamar taswirar ƙasashen da ban taɓa koyarwa ba. Na kai wa Liman, na kai wa masu gadin ruwa, na hau keke har rugar Hamma. Inna Wuro ta juya tata ta ga shaidar yatsun, ta sa nata yatsun a ciki, ta shiga ta ɗauko man shanun.

Da na dawo saura ɗaya, wadda gefenta ya ƙone. Muka raba.

Juma'a, 31 ga Maris, bayan an sauko

Isiyaku ya kwashi alkama. An bar buhu biyu. Ba ni na ce a bari ba.

Stephen ya zo da makullansa da sabuwar waya a leda. Ya ga Ciyaman a kwali an ɗaure, ya dube ni kamar na faɗi jarrabawa.

"Baba, wannan fa shi ne mai yin komai."

Na ce, "Shi ya sa."

Ya ce to aƙalla ya canza wa ƙaramar waya ta riƙa gashi. Ya durƙusa zai kwance ta. Sai muka ji daga bakin tanderu:

"Stephen."

"Na'am, Mama."

"Me za ka yi mata?"

"Gyara, Mama. Ba ta gashi."

"Wa ya ce ta yi? Ta murza, ta tsaya a nan. Kowa da aikinsa."

Ya mayar da wayarsa leda. Ta ba shi gurasa uku ya kai wa iyali, ta ce ya faɗa wa Baraka in tana son Innarta ta huta, ta zo ta ɗebo kara.

Da ya tafi na ɗauki kofin awo zan zuba na gobe. Ta ce in ajiye, na cika ɓarna, kada in ƙara taɓa mata injinta.

Injinta, ta ce.